Kwaɗon da Na Rataya wa Ƙofar Baba

A gidanmu ni aka sani da lura. Tun ina makarantar kwana, in na dawo hutu, ni ke fara gane an sake wa randa wuri, ko akuya ta rame, ko Inna ta yi fushi da wani ba ta faɗa ba. Har yau in na shiga gidan biki, kafin a kawo mini ruwa na san wadda ta aro mayafi. Na fara da wannan ne don a san irin matar da ta ɓatar da damina guda tana nema wa ƙofa ɗaya makulli, har ta kusa korar uwarta daga gida da hannunta.

Ƙofar, Babanmu ne ya yi ta, Allah Ya jiƙansa. Shi ba kafinta ba ne, manomi ne a wani ƙauye can ƙasar Sabuwa. Wata shekara iska ta kayar da tsohuwar kirya a gonarsa, ya ce itace irin wannan ba zai ƙare a murhu ba. Ya kira masu zarto suka tsaga masa alluna uku, ya yi rani guda yana sassaƙa da gizago a ƙofar gida, masu wucewa suna yi masa sannu da aikin da ba wanda ya sa shi. Abin da ya fito ƙofa ce mai kaurin yatsu huɗu, samanta ya fi ƙasanta faɗi, sai ƙarti huɗu suke ɗaga ta. Ƙusa ba ta shiga kirya sai ta lanƙwashe, don haka maƙeri ne ya ƙona ramuka da jan ƙarfe aka haɗa allunan. Daga ciki Baba ya sa ɗan itace mai faɗawa cikin gurbi in an tura ƙofar, ya ɗaura masa igiyar fata, ya zura igiyar ta wani ɗan rami ta leƙo waje. In igiya tana waje, ka yi sallama ka ja ka shiga. In an janye ta ciki, mai ɗaki yana barci ko yana salla, ka dawo an jima. Iyakar tsaron ƙofar ke nan.

A ɗakinsa take har ya bar duniya. Lokacin da ya rasu ina jegon ɗana na biyu, kwana bakwai kawai na yi a gida aka maida ni Ƙanƙara. Ranar rabon gado ma ba na nan, labari aka ba ni. Wai malamin da ya zo rabo yana cikin maganar gona da shanu, Inna ta aiko daga bayan zana cewa a cikin tumuninta a sa mata ƙofar. Aka yi ta murmushi, aka ba ta. Aka cire aka kafa a ɗakinta, da ɗan itacenta da igiyarta.

Shekaru suka wuce, zaman ƙauye ya lalace yadda kowa a yankin nan ya sani. Gida-gida mutane suka riƙa ɗaure kaya, Inna ta ƙi tashi. Yayanmu da ke Faskari ya je sau uku, amma shi ɗan fari ne, ba ta iya kallon idonsa balle ta yi musu da shi, sai ta juya baya ta gaya wa bango ba inda za ta. Gidansa kuma ya riga ya cika da dangin matarsa da suka gudo. Ni ce auta, ni take zagi kai tsaye, don haka ni aka tura.

Gidana kuwa gidan suruki ne, kuma a wurin Inna ba abin kunya kamar tsohuwa ta tare a gidan mijin 'yarta. Maigidana, Malam, ya san haka, shi ya sa ya gina mata ɗaki can ƙuryar gida bayan zogale, da makewayinta daban, yadda za ta yi wata ba su haɗa hanya ba. Na kwana biyu a ƙauyen ina roƙo ina kuka. Ni kuka ba ya yi mini wuya, ko kaza za a yanka sai na shige ɗaki.

A rana ta uku ta ce, "Na ji, Auta. Zan tahi, amma da ƙohwata. Kuma gwaji ne. In aka yi kaka raina bai kwanta ba, ku maido ni, ko ni kaɗai ta rage a garin."

Aka ɗauko ƙofa a bayan a-kori-kura, Inna a gaba tana waiwaye kamar an ɗauko mata marar lafiya. Wajen saukewa ƙofar ta zame, ɗan itacen ciki ya karye, igiyar da dama ta tsufa ta tsinke. Magini ya kafa ta a sabon firam na katako yana gumi yana salati. Da ya gama sai muka ga ba ta tsayawa a rufe. Nauyinta ya rinjaye ta, in ka tura ka juya, sai ta biyo bayanka a hankali ta buɗe.

Inna ta shiga ɗakin, ta shimfiɗa buzunta, ta ajiye buta. Amma babban ƙullin kayanta, wanda kwallayenta da tasoshinta na aure suke ciki, jingine shi ta yi a kusurwa ba ta kwance ba. Kullum in na kai mata kunu, ƙullin nan nake fara kallo. Na san ranar da ta kwance shi ta zauna. In kaka ta zo yana nan a ɗaure, mota za a nemo, kuma na san abin da ke jiran tsohuwa ita kaɗai a garin da rabinsa kango ne.

Kwana uku da zuwanta akuyata ta tura kai ɗakin ta zubar mata da garin kuka. Inna ta ce, "Auta, nemo mini guntun itace mai ƙwari da 'yar igiya."

Na ce, "Haba Inna, nan fa birni ne. Ki bar mini wannan."

Ƙanƙara ce birnin. Gaskiyar magana, tun ranar da na ga yadda ƙauyenmu ya koma, tsoro ya zauna mini a ƙirji, na rasa inda zan sauke shi. Na ga ba ni da ikon komai a kan abin da ya taso mu, amma ina iya sa ƙarfe a ƙofar uwata. Ban tsaya na tuna cewa ɗakin yana cikin gida mai katanga da ƙofar ƙarfe ba, ko cewa abin da ke cikinsa buzu ne da buta da gado da carbi. Na ɗauko tef ɗin ɗinkina na auna ƙofar tsawo da faɗi, na rubuta a bayan kwalin magani, na ce wa Malam ya kai ni shagon kayan gini.

Ya ce, "Bari in je mana. Makulli ne fa."

Na ce ai shi duk abin da mai shago ya miƙo masa karɓa yake yi. Ya tada babur.

Mai shago ya baje mini iri-iri a kan kanta. Idona ya faɗa kan wani mai hannu mai ƙyalli, wanda ake fafe gefen ƙofa a binne shi ciki, sak irin na ofishin shugabar makarantarmu. Shekara shida na yi ina kallon makullin nan ina tsoronsa, yau ga shi zan sa wa uwata. Mai shago ya karanta kwalina ya ce, "Hajiya, kaurin ƙofar fa?"

Kauri ne kaɗai ban auna ba. Na ce, "Daidai ne, irin na ƙofa." Malam ya ɗaga kai yana kallon kwanon rufi.

Washegari kafinta ya zo da jakar kayan aikinsa. Ya ƙwanƙwasa ƙofar da bayan yatsa, ya girgiza hannun, ya ce, "Hajiya, wannan ƙofa ce ko turmi aka baje?" Ya ɗora ƙarfen sassaƙarsa ya buga da guduma sau uku. A na ukun bakin ƙarfen ya ɓalle. Sannan ya gwada sandar da ke haɗa hannun waje da na ciki, ko rabin kaurin ba ta kai ba.

Inna tana kan tabarma tana tsinkar zogale. Ta ce wa kafintan, "Malam, wa ya ce ka hwahe ta? Ƙwarya ce?"

Ya ce, "Ba ni ba ne, Inna, Hajiya ce."

"Wace Hajiya? Wagga ko Kano sau ɗaya ta je, shi ma amai ta yi ta yi a mota."

Kafinta ya tattara kayansa yana danne dariya. Ya bar ɗan tabo a gefen ƙofar, faɗin farce. Da yamma na ga Inna ta tsaya tana shafa tabon da babban yatsa, ta daɗe. Na gani sarai, ni mai lura. Abin da na fahimta shi ne tana son makullin da ba sai an fafe ƙofa ba.

Na biyu sakata ce ta ƙarfe, daga ciki. Matar Yaya ce ta ba ni shawarar a waya. Kafinta ya dawo da abin huda katako da ya aro, ya yi wuni yana murzawa, ya ɗaure ta. Sati biyu abin yana aiki, ina yawo a gida kamar wadda ta ci jarrabawa. Inna ba ta son ta, amma in za ta yi barcin rana nakan tsaya a waje har sai na ji ta zura, ita kuma don in tafi sai ta zura.

Sai ruwan tsakiyar damina ya sauka kwana da kwanaki. Firam ya sha ruwa ya kumbura, ƙofar ta ɗan sauko, duk nauyinta ya zauna a kan sakatar. Ban sani ba. Ranar na tsaya na ji ta zura bayan azahar, na ɗauki jakata na tafi Islamiyyar matan aure. Babin haƙƙin iyaye ma muka karanta, ina gaba-gaba ina gyaɗa kai. Da na dawo an daɗe da yin la'asar, ƙofar tana rufe, buta ba ta waje.

Na ce, "Inna, kina ciki?"

Ta ce, "Ina zan je?"

Yatsunta sun riga sun lanƙwashe da shekaru da daka, sakatar da ko ni ba zan iya ja ba. Butarta ba ruwa. Da ta ji kiran salla sai ta yi taimama da dutsen da take tokare ƙofa da shi, ta yi sallarta, ta zauna tana jan carbi. Ba ta kira kowa ba, don kada maƙwabta su ji ana ihu a gidan suruki.

Dole aka kira Malam. Mutumin da ya gina ɗaki a ƙurya don kada su haɗu, ga shi durƙushe a ƙofar surukarsa ya zura taɓarya ƙarƙashin ƙofa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, in na ɗaga sai ki ja."

Daga ciki ta ce, "Auta, ce mishi na ji."

Na ce, "Ta ji."

Ya ce, "Ni ma na ji ta ji."

Ya danna taɓarya, ƙofa ta ɗaga, taɓaryar ta tsage, sakata ta zare. Kafin ƙofar ta gama buɗewa Malam ya kai zaure. Inna ta fito da buta, ta wuce ni, sannan ta ce, "Tun da aka haihe ni ba a taɓa kulle ni ba, sai da na zo birni. Itace da igiya na ce miki."

Na ce to. Washegari da na kai kunu na ga ƙullin kaya ya bar kusurwa ya dawo kusa da ƙofa.

Mai hankali a nan zai nemo itace da igiya. Ni zama na yi na yi nazari. Na ce laifin sakata shi ne tana ciki, Inna kuma ba ƙarfi. Abin da ya dace shi ne daga ciki ta ci gaba da tokarewa da dutsenta, daga waje kuma a sa kwaɗo, don in ta fita. Kuma kada a sayo ƙarfen shago, a ƙera wanda zai ɗauki nauyin kirya. Na ji daɗin wannan tunani ƙwarai, har na yi wa kaina murmushi ina tuƙa tuwo.

Da muka je taron suna a Faskari na tambayi Yaya ko ya san maƙeri nagari, na ce wani ɗan ƙarfe zan ƙera. Bai tambayi na mene ne ba, ya sa aka kai ni Sheme wurin wani tsoho da maƙerarsa ke bayan masu sayar da kaya a bakin titi. Tsohon bai daina zuga ba ya yi mini tambaya uku.

"Wane itace ne?"

"Kirya, Baba."

"Ciki take buɗewa ko waje?"

"Ciki."

"Wa zai riƙa buɗewa?"

"Mahaifiyata ce, tsohuwa."

Nan ya saki zugazugi ya dube ni. "Ita ta ce tana so?"

Na ce, "Ai ita ba ta san abin da take so ba."

Da bakina na faɗa, cikin hijabina har ƙasa, da littafin hadisi a jaka. Tsohon ya kalle ni, ya ce, "To, Malama," ya koma kan wutarsa. Ya ƙera mini marataya kwaɗo mai faɗin bakin fartanya, da dogayen ƙarafa biyu da za su ratsa ƙofar a ɗaure su da noti ta ciki. Kwaɗon kuma na zaɓo shi a wani shago nan bakin titi, ruwan rawaya, ya cika tafin hannuna. Kafin mu kai Ƙanƙara nauyin kayan ya tsinka mini hannun jaka.

Lokacin gero ya nuna, an fara shigowa da sabo. Kaka ta matso, ƙulli yana nan. Amma Inna ta ɗan sake, don ta gano wata ƙawarta 'yar ƙauyenmu da ta tare a unguwar gaba, takan je su yi hira. Ranar da ta tafi can wuni, na kira kafinta. Na ce ya sa ƙarfe a wuta ya ƙona ramuka yadda aka yi wa Baba, har ina ji a raina na girmama aikin mahaifina. Gida ya cika da ƙaurin kirya. Aka ɗaure, aka cire sakatar ciki, na rataya kwaɗo na danna. Na share ƙofar ɗakin, na ɗaure ɗan makullin da sabon zare don ta rataya a wuya, na koma bakin kicin ina jiran a sa mini albarka.

Bayan la'asar ta yi sallama, da fara'arta, da goro ƙulle a bakin mayafi. Ta zagaya zogale. Sai ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, hannunta ɗaya a kan ƙirji. Sannan ta ja baya ta zauna a kan turmin da ke kife.

Na zo na durƙusa na miƙa mata ɗan makullin da hannu biyu. Ba ta dube shi ba. A hankali ta ce, "Wa ya rasu?"

Na ce, "Subhanallahi. Ba kowa, Inna."

Ta ce, "To, a ce ma mai gidanga a nemo mini mota gobe."

Na ɗauka wasa ne irin nata, na yi dariya ni kaɗai. Na buɗe kwaɗon na tura ƙofa, ta ƙi tashi. Na shige kicin na kira Yaya, ina magana ƙasa-ƙasa, ina ba shi labarin yadda na wahala har Sheme, ga sakayyar da na samu.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Kwaɗo kika sa? Daga waje?"

"To da ina ake sa kwaɗo?"

"Auta, ke da kike ganin komai. Sau nawa kika taɓa ganin kwaɗo a ƙofar nan?"

Sau ɗaya. Kafin ya rufe baki na tuna.

A ƙauyenmu ba a kulle ɗaki a cikin gida. Kwaɗo ɗaya ne yake hawa ƙofar mutum, shi ne wanda dattawa ke sawa in an dawo daga binne shi, a ba babban baffa ɗan makullin, kada a taɓa ko allura sai an raba gado. Haka aka yi wa Baba. Rabon nasa kuma sai da aka jira aka gama girbi, wata huɗu da ɗoriya. Duk takabar Inna a ɗakin da ke kallon nasa ta yi ta. In za ta alwala ta gaban kwaɗon za ta wuce, in ta dawo ma haka. Rigarsa tana ciki a rataye, da hularsa, da rediyonsa, ba ta da ikon ko kaɗe musu ƙura. Ni kwana bakwai na gan shi. Har na tuna ruwan rawaya ne, na tuna daga wurin mai shagon garin aka aro shi, na tuna yana da tsatsa a gefe ɗaya. Duk wannan na adana shi a kaina shekara da shekaru. Abin da ban taɓa tambayar kaina ba shi ne yadda wadda take kallonsa kullum take ji.

Yaya ya ce, "Kin ɗauka don kyanta ta ce a ba ta ƙofar? Ranar da aka cire kwaɗon ina jin ta daga bayan zana, ta ce muddin tana da rai ba za a sake rataya wa ƙofar nan ƙarfe ba. Da kin gaya mini abin da za ki ƙera, da ban bari an kai ki ba."

Na fito na faɗi gabanta na kifa kai a gwiwarta. Kukan da na yi ranar ko ni da na saba na san ya yi yawa. Ta bar ni na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Tashi, kin jiƙa mini zane."

"Inna ki yafe mini."

"Sau nawa na ce miki itace da igiya?"

"Sau biyu."

"Uku. Na ukun kina waya."

Malam ya shigo ya same mu haka. Na gaya masa a taƙaice. Bai ce ai ya faɗa ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da nake yi masa addu'a a kansu har yau. Ya ɗauko filaya ya shiga kwance noti, Inna ta juya baya tana kallon katanga. Kafin kiran magariba ƙarfen Sheme yana ƙasa. Ƙofar Baba ta rage da tabon kafinta, da ƙananan ramukan sakata, da manyan ramuka biyu baƙaƙe da suka ratsa ta, duk aikina. Sai a lokacin Inna ta tashi ta shiga.

Da safe Malam ya ce in tambaye ta ko ya je tasha. Na je na tambaya. Ta ce, "Ce mishi a bari a ga itacen tukuna."

Itacen bai yi nisa ba. Taɓaryar da ta tsage ranar da aka ɗaga ƙofa, ita ma kirya ce, tana jingine a bayan kicin ina shirin sa ta a wuta. Malam ya kira wani masassaƙin turmi daga kasuwa. Inna ta zauna a bakin ƙofa tana kwatanta masa da hannu, nan a rage, nan a bar shi da nauyi don ya faɗa da kansa. Mutumin bai auna komai ba, ni kuma tef ɗina yana cikin aljihu, ban yarda na fito da shi ba. Wajen baduku aka samo igiyar fata. Da aka zo zurawa a tsohon ramin Baba, Inna ta ce, "Ba 'yar boko ta zura, ita ce mai ido." Igiyar ta yi ta lanƙwashewa, sai da ta miƙo mini tsinken tsintsiya na tura da shi.

Ta shiga ta tura ƙofar. Itace ya faɗa gurbinsa da wata 'yar ƙara da rabona da ji tun ina yarinya, in Baba ya shiga barcin ƙailula. Ƙofar ta tsaya a rufe. Na ja igiya da yatsa biyu daga waje, ta buɗe. Akuyata ta zo ta shinshina igiyar, aka ɗaga ta sama kaɗan. Ƙananan ramukan Inna ta cusa musu tsumma, da ɗaya daga cikin manyan. Ɗayan ta bar shi a buɗe, ta ce yana daidai idonta in tana zaune a bakin gado.

Ƙullin kaya bai kwance ranar ba, bai kwance a satin ba. Aka gama gero, aka shiga dawa. Kullum ina shiga da kunu ina kallon kusurwa ta gefen ido, ita kuma tana kallona ina kallo. Ban sake kawo shawara ba. Wannan shi ne aiki mafi wuya da na yi a shekarar.

Wata safiya ta ƙwala mini kira, ta ce in kawo toka da ɗan tsumma. Na ja igiya na shiga. Zanen ƙullin yana ninke a kan gado, kwallaye jere a ƙasa babba da ƙarami, tasoshi sun dushe suna jiran gugar toka. Na ji idona ya fara.

Ta ce, "In kuka za ki yi, hita waje. Kar ki ɗiga mini a kwalla."

Kwaɗon na gwada shi a akurkin kaji, ya ɓalle ƙofar akurkin gaba ɗaya. Yanzu yana kicin, da shi nake fasa kanwa.

Shekara uku ke nan Inna tana ɗakin. Igiyar tana waje wuni guda. Ƙawarta ta ja ta shiga, jikoki su ja, matan unguwa masu neman maganin shawara su ja, har Malam ranar salla yakan durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Ana janye igiyar lokacin salla da lokacin barci, kamar zamanin Baba. Akwai kuma lokaci na uku da babu shi a da. In na fito daga kicin da kwanon kunu na uku a wuni ɗaya, ko da bargo don na ji iska ta ɗan kaɗa, tana hango ni ta ramin da na ƙona da kaina. Kafin in kai gindin zogale sai in ga igiyar tana shigewa ciki a hankali. Ina ganinta sarai. Sai in ajiye kwanon a bakin ƙofa, in rufe shi da faifai saboda akuya, in koma.